Akwatin Wutar Badaru Ya Yi Zazzaɓi

"...lahiya lau, mutanen ƙetare. Har an bar ki kin wuce shinge da wannan fuskar?"

"Su da suka bar ka kana zama kusa da iyaka, bawana, ni za su tare? Tashi ka karɓi kayan uwargijiyarka."

Suwaiba ke nan, ɗiyar kawuna, taubashiyata tun muna cin ƙasa. A Maraɗi take aure. Ni kuwa sunana Badaru, ina da ɗan shagon kwano a Magama, dab da shingen Jibiya, inda nake yi wa direbobi cajin waya. Bara na sayo akwatin batir, irin mai hannu da ake ɗauka kamar jaka, ana cika shi da farantin sola. Shi ke riƙe da ƙaramin firij ɗin da nake ajiye allurar ciwon sugar kakarmu, Inna Fatimatu, don unguwarsu ta manta kamannin wutar lantarki. Ran nan tsakiyar bazara ce, rana ta take. Suwaiba ta kawo sabuwar allura ta wata uku cikin 'yar kula, ƙanƙarar ciki ta kusa zama ruwa. Ta tarar da ni a tsugune ina yi wa akwatin fifita da kwali.

"Mi nike gani? Amarya ka yi ba ka gaya muna ba?"

"Hutawa yake. Injin manya ne, yana da lokacin ƙailula."

"To mi ya sa shina kuka?"

Akwatin ya sake yin ƙararsa, tit tit tit, jar alama ta fito a fuskarsa, ya ɗauke wuta. Karo na biyar ke nan tun hantsi. Firij ya yi tsit, fanka ta tsaya, wayoyin mutane goma sha huɗu suka yi duhu.

"Gaisuwa yake miki. Ya san baƙon da ba ya kawo alheri."

Ta aza tafin hannunta a kansa, ta janye da sauri. "Badaru, wannan ai sai a zuba ƙullu a toya masa. Tun yaushe?"

"Kwana uku. Amma na gano matsalar."

"Faɗi mu ji, injiniya."

"Baki ne. Tun ranar da mai shayin can ya ce kai, wannan abu da kyau yake, bai sake lahiya ba."

"Sai ka yi mishi mi?"

"Na tofa masa abin da ya sawwaƙa."

"Ya ji sauƙi?"

"Ya ƙara zafi."

Ta yi dariya har ta dafa ƙofa, amma idonta na kan firij. Ta tambaye ni ko allurar Inna ta wancan watan na ciki. Na ce tana ciki. Dariyar ta tsaya.

"Kada ka sake buɗe shi, bar sauran sanyin da ya rage. Ina tulunka?"

Na nuna mata. Ta ciro sababbin kwalaben, ta ƙulle su a leda, ta naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta kwantar a kan damshin yashin da ke gindin tulun. Sannan ta juyo kaina.

"Tulun kakanninka ya hi ka ilimi. Kashe abin nan gaba ɗaya, ka zare duk wata igiya da ke jikinshi."

"Wayoyin mutane fa? Malam Ummaru zai tashi da lodin gero bayan la'asar."

"Malam Ummaru na iya tuƙi ba waya. Inna ba ta iya kwana ba allura. Zare."

Na shiga zarewa, tana lissafawa da baki. Firij. Fanka. Dogon soket mai ɗauke da wayoyi. Igiyar sola. Da na kai hannu bayan benci sai na tsaya.

"Wannan ta mece ce?"

"Wace?"

"Wadda kake ɓoyewa da ƙafa."

"Butar shayi ce. Ƙarama ce, ba ta cin komai."

"Butar lantarki. A tsakiyar rana, cikin ɗakin kwano, kana cika shi da sola kana kuma tatsarshi ta kowane nono. Ko jakin Maraɗi aka yi wa haka sai ya kwanta. Kwaɗayi mabuɗin wahala."

"Mai sayarwa ya ce zai iya ɗaukar gida guda."

"Gidan tsuntsu ya ce, kunnenka ne bai kai ƙarshen zance ba. Wannan rigar fa, ta sallah ce?"

Nan ta taɓo inda ke mini ciwo. Rigar fata ce ja da kore, da tuntaye, na sa baduku ya ɗinka wa akwatin don kada ƙura ta ɓata shi. Sau biyu ina mayar masa da ita don ya ƙara ado.

"Ba ki san kaya ba. Duk wanda ya shigo sai ya yaba."

"Ka taɓa sa bargo a watan nan?"

"Ni mahaukaci ne?"

"Ba ni na faɗa ba. Tuɓe mishi."

Na tuɓe. Sai ga layin ƙananan ramuka a gefensa, waɗanda rigar ta toshe ruf. Wata shida ina tare da abin nan, ban taɓa tambayar kaina amfaninsu ba. Na ɗauka ado ne irin na 'yan Sin.

"Ka ga hancinshi ke nan. Ka toshe wa bawan Allah hanci, sannan kana yi mishi fifita. Ina takardar da ya zo da ita?"

"Da Faransanci take."

"Kai da ka ce wa Inna kana jin Faransanci kamar ruwa?"

"Ina ji. Karantawa ce ba mu saba ba."

"Ina take?"

Na ɗaga ƙafar tebur na zaro ta, a ninke huɗu. Tun ranar da na sayo shi take hana teburin gurgunta. Suwaiba ta kaɗe ta, ta buɗe shafin farko, ta miƙo mini. Babu ko kalma ɗaya a shafin. Zane ne: akwati a lulluɓe da zane, an ja masa gicciye. Akwati a ƙarƙashin rana, an ja masa gicciye.

"Wannan ma da Faransanci aka zana shi?"

"Zanen bai fito sosai ba."

"Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Amma ita kaza ba ta kiran kanta injiniya. Ɗauko shi mu kai ƙarƙashin itacen bedin can."

Na kinkime shi zuwa inuwa. Ta sa na aza shi kan bulo biyu don iska ta ratsa ta ƙasa. Ta sunkuya ta shinshina, ta bi gefunansa da yatsa.

"Mi kike nema, ƙanshin miya?"

"Ƙauri nike nema, da kumburi. Da na ji ɗaya daga ciki, da yanzu mun yi nesa da shi, ba mai sake kunna shi. Ka yi sa'a, babu."

"To bari in yayyafa masa ruwa ya yi saurin hucewa."

"Yayyafa, in koma Maraɗi in ce wutar lantarki ta tahi da bawana lahira. Ajiye butar ruwan nan. Juyo mini bayanshi."

Bayan shi ne ɓangaren da baduku ya bari a buɗe, wanda ke kallon bango. Can cikin ragar da 'yar fankarsa take, wani curin jan laka ya manne, ya cika rabin wurin.

"Badaru, ka yi haya ba ka sani ba. Zanzaro ya gina ɗaki, har da falo."

"Shi ya sa ban ƙara jin fankar tana juyawa ba."

"Ka lura ta daina, ka yi shiru?"

"Na ɗauka ta saba da aikin ne, ta daina ƙorafi."

"Kai ka yi zanzaro da riga kana taƙama, shi ya yi gini. A cikinku biyu shi ne mai sana'a."

Da tsinken tsintsiya da tsohon buroshin haƙori muka ɓantare ginin a hankali, na karkata akwatin tana kakkaɓe garin lakar. Daga nan ta ce sai jira. Muka zauna kan benci kusan awa guda. Manyan motoci na ta wucewa, ni kuwa duk bayan ɗan lokaci sai in je in taɓa ƙyallen da ke gindin tulu, in ƙara masa ruwa.

"Zauna, za ka huda ƙasa."

"Suwaiba, in allurar nan ta lalace, da wane ido zan kalli Inna? Ita ta ce a ajiye a wurina, wai ni ne mai hankalin gidan."

"Tsufa ke nan, ido ya raunana." Ta dafa kafaɗata. "Ba ta lalace ba. Na taɓa ta, da sanyinta."

Da jikin akwatin ya koma kamar na lafiyayyen mutum, muka share masa wuri a bakin ƙofa inda iska ke bi, nesa da bango. Ta ce firij kaɗai zan haɗa. Na danna. Fuskarsa ta yi kore. Can sai na ji wani siririn sauti, fuuu, iska mai ɗumi na fita ta bayansa. Firij ya yi gyaran murya ya kama aiki. Muka jira, bai yi kuka ba. Suwaiba ta kwashe kwalaben ta jera su ciki da hannunta.

"Waya biyar biyar za ka riƙa sawa. Sola da safe, kafin rana ta yi ƙarfi. Buta kuwa ta koma kan gawayi inda ubanta ya tashi."

Daidai nan Malam Ummaru direba ya leƙo. "Injiniya, ashe ka shawo kansa. Mi ya same shi?"

Na buɗe baki. Na riga na shirya bayani mai tsawo, har da sunayen wayoyin ciki. Suwaiba ta harɗe hannuwa tana kallona.

"Ni ne na same shi, Malam Ummaru. Ga wadda ta raba mu."

"Ƙara da sauran," in ji ta.

"Ni Badaru, ɗan mace, bawan Suwaiba ne. Zanzaro ma ya fi ni aiki."

Malam Ummaru ya tafi yana dariya, ya manta wayar da ya zo karɓa. Suwaiba ta buɗe jakarta ta ciro wani ƙunshi ta ajiye mini a cinya. Cukun madara ne, fari tas, marar kauri kamar takarda.

"Tun daga Maraɗi da sunanka na sayo shi. Ci a hankali, kada kai ma ka ɗau zahi, don kai ba ka zo da takarda ba."