Kujerar Abokina na Salka

Ba zan taɓa mantawa ba da wata farar kujerar roba. Lokacin ina sabon zuwa Kontagora, an turo ni koyarwa, ban san kowa ba sai mai shayin bakin layinmu (shi ma bai riƙe sunana ba, "Ticha" kawai yake ce min). Wata Asabar na ji wasu samari za su yi wasa a garejin da suke gyaran motoci. Kiɗan nasu haɗin gambiza ne: jita mai kururuwa irin ta Turawa, ga kalangu, ga goge, mawaƙin yana tsalle daga Hausa zuwa Kambarci. Na sha wanka na tafi bayan la'asar, ko Allah zai haɗa ni da abokin hira.

Da na shiga na ga kowa da nasa, sai kunya ta kama ni. Na cire hulata na ɗora a kujerar kusa da ni, don a ɗauka ni ma ina da wani. Duk wanda ya zo zai zauna sai in ce, "Da mai ita, yana hanya." Haka na yi ta korar bayin Allah, ina duba waya kamar gaske.

Kiɗa ya yi kiɗa, jitar nan har cikin ƙirji, ni da hulata muna sauraro. Can mawaƙin ya hango mu, ya ɗaga hannu aka tsaya cik.

"Malam, har yanzu baƙon naka bai iso ba? Daga ina yake?" A lasifika fa!

"Salka," na ce (a jikin wata mota na taɓa ganin sunan).

"Kai, garinmu! Ɗan gidan wa ne?"

Mai kalangu har ya zaro makullin babur. "Ƙila faci ya yi. Faɗi sunansa in tarbo shi, mu ba ma barin baƙo a hanya."

Na miƙe na ce, "Babu kowa. Ni kaɗai ne."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi min sauƙi. Na ɗauke hular, kiɗa ya ci gaba. Sai dai waɗanda na kora duk sun samu wuri a can gefe, suna ta hirarsu. Har aka tashi ba wanda ya zauna kusa da ni.

Tun daga ranar hulata a ka take zama. Wanda ya kama wa kaɗaici kujera, kada ya yi mamaki in kaɗaicin ne ya zo ya zauna.