Atishawa a Dajin Marke

Shekarar da ciwon shaƙa ya shiga Dajin Marke damina ta yi kyau, ciyawa ta kai ƙirjin jaki, amma babu wanda ya more ta. Ciwon yakan fara da atishawa, ya gangara ƙirji, kafin a ankara ya toshe numfashi. Ya kashe tsohuwar Giwa, ya shiga cikin ɓauna ya yi ɓarna. Kowa ya san 'ya'yan fada ne suka kwaso shi a hayin kogi, inda suke zuwa shan iska da gyaran haƙora, sai dai wannan magana ce da ake yi da kai a sunkuye.

Talakawa suka rabu. Birai suka ce babu wani ciwo, manya ne suka samo sabuwar hanyar ci. Bareyi suka ce akwai shi, har suka daina zuwa gaida iyayensu. Jakuna, waɗanda su ne suka fi kowa yawa, kuma su ke ɗaukar kayan kowa, ba su ce komai ba, don ba a saba tambayarsu ba.

Zaki ya tara fada. Ya tsufa, gezarsa ta yi furfura, kuma ya daɗe da gane cewa gyaɗa kai ya fi tunani sauƙi. Waziri Dila ya miƙe ya gyara wutsiya.

"Allah ya ba ka nasara, wannan gwamnati ba za ta naɗe hannu ta zuba ido ba. Mun kafa kwamiti mai ƙarfi, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, ƙaramin ya zauna ya ci abinci ya kawo shawara. Daga yau kowa ya shige raminsa ya zauna. Kowa ya sa takunkumi a baki. Wanda duk ya yi atishawa, a kai shi kogon killacewa har ya warke. Talaka kuma kada ya damu da abinci, tallafi na nan tafe har ƙofar raminsa."

"Wa zai riƙe kogon?" in ji Zaki.

Kura ta matso tana share ƙwalla. "Ranka ya daɗe, aiki ne mai haɗari, amma wani dole ya sadaukar da kansa. Ni dai ina son talaka. Wallahi ko barci nake yi, talaka nake gani."

Aka yi mata tafi. Mutanen da sun ce ba a ba kura ajiyar nama, to a Dajin Marke an ba ta, har da naɗi da kiɗan kalangu.

Tsohon Kunkuru, wanda kullen bai dame shi ba tun da da ɗakinsa yake yawo, ya leƙo da kai ya ce, "Waziri, wanda ba shi da rami fa? Jaki bai taɓa haƙa rami ba."

Dila ya yi murmushi irin na wanda aka yi wa tambayar yara. "Baba, wanda ba shi da rami, inda doka ta same shi nan ne raminsa."

Doka ta sami wani jaki, Auraki, da matarsa Akaza a kan wani faƙo a gindin tsamiya, suna dawowa daga kai itace fada. Nan ya zama raminsu. Aka ɗaura musu takunkumin kaba. Tun kaka da kakanni bakin kura aka san takunkumi da shi, amma bana sai ga shi a bakin masu cin ciyawa, ita kuwa Kura nata yana lilo a ƙarƙashin haɓa. Ga ciyawa can koriya shar suna hange, ga kyarketai 'yan sintiri suna zagaye da kulake. Kwanaki suka yi ta wucewa, mata da miji suna lasar ɓawon tsamiya ta tsakanin kaba.

"Malam," in ji Akaza, don ba ta taɓa kama sunansa ba, "ni fa ina ganin kafin ciwon nan ya iso mu yunwa ta gama aikinta."

"Yi haƙuri. Sun ce tallafi na tafe."

"Haka suka ce shekarar fāra."

"To ai kin ga, ya daɗe a hanya, ya kusa isowa ke nan."

Auraki irin jakunan nan ne da ko an doke su sai su ce sandar ce ta zame.

Tallafi kuwa ya zo. Gafiya Sarkin Rumbu ya kawo shi da kansa, da makaɗa a gaba, Kura na biye a matsayin babbar baƙuwa. Gafiya ya hau kututture ya yi jawabi har rana ta take. Ya ce a tarihin dazuzzuka ba a taɓa yin gwamnati mai tausayi irin wannan ba, kuma duk mai cewa an karkatar da hatsi zuwa ramin surukansa maƙiyin ci gaba ne. Sannan aka auna wa kowane gida ludayin dusa, aka ba da izinin sassauta takunkumi, don a ci a yi godiya da babbar murya.

Dusar kuwa ta shekarar fārar ce, ta kwanta a rumbu har ƙwari sun ci sun bar gari. Auraki ya sa hanci, ƙura ta tashi ta shige masa. Ya runtse ido, ya cusa kai tsakanin ƙafafunsa, ya saki atishawar a hankali cikin ƙarar ganguna. Babu wanda ya ji. Ya ce "Alhamdulillahi" ƙasa-ƙasa, yadda aka koya masa tun yana bin uwarsa.

Ita kuwa Akaza, shekara da shekaru in ya faɗi haka takan amsa, ko tana barci. Bakinta bai jira shawararta ba.

"Yarhamukallahu, Malam."

Daidai nan makaɗa suka tsaya shan ruwa.

Kura ta juyo a hankali. "Wa ya yi atishawa?"

"Babu kowa, ranki ya daɗe," in ji Akaza. "Ƙwarewa ya yi. Tari ne."

"Baiwar Allah, tun da nake ban taɓa jin an yi wa tari yarhamukallahu ba. Ke da kanki kika ba da shaida, kuma mun gode. Irinki gwamnati ke nema."

Kyarketai suka sa wa Auraki igiya. Bai yi gardama ba. Da zai wuce sai ya waiwayo ya ce, "Ki haɗa da nawa rabon ki cinye, kada ta lalace. Kwana kaɗan ne zan dawo."

Kafin la'asar Hankaka mai shela ya zaga daji yana cewa daga yau amsa ita ce shaida, duk wanda aka amsa wa atishawa ciwo ya tabbata a kansa. Sai zumunci ya koma shiru. Uwa ta yi atishawa 'ya'yanta su kau da kai kamar ba su santa ba, kuma wannan shi ne iyakar ƙaunar da za su iya nuna mata.

Akaza ba ta taɓa dusar ba. Baƙin ciki ya hana ta tsayuwa ya hana ta kwanciya, don ta san da bakinta ta miƙa mijinta. Ta kuma lura da abin da kowa ya lura da shi ya yi shiru: ana ta shiga kogon Kura, ba a ga mai dawowa ba. Ta ƙudurta sai ta je gaban Zaki ta roƙo a sako shi tun da sauran numfashinsa.

A shingen farko wani kyarkeci ya tare ta. "Ina zuwa, Iya?"

"Fada, ɗana."

"Da bayanki wayam? Koma. Jakin da ba kaya a bayansa mai yaɗa cuta ne. Wanda ke ɗauke da kayan manya shi ne ma'aikaci na musamman, ciwo ba ya kama shi."

Ta gane karatun. Ta bi ta rumbu ta miƙa wa Gafiya bayanta. Ya yi murna, don ranar ce Zaki zai ƙaddamar da zagaye na biyu na tallafi, ana neman mai kai dusa fada. Aka labta mata buhu biyu. Da su ta ratsa shingaye, kowane kyarkeci yana yi mata sannu da aiki.

Ta tarar da fada cike maƙil, kafaɗa na gugar kafaɗa, ana yagar nama ana hira, kowa da takunkuminsa a haɓa kamar gemu. Kura ce ke ba da rahoto. Ta yi ƙiba har wuyanta ya ninku.

"Allah ya ba ka nasara, albishir nake tafe da shi. Duk wanda ya shigo hannunmu mun kula da shi ciki da waje. Mun sallami da yawa, saura ma suna kan layi. Ina kuma tabbatar wa wannan fada mai albarka, a cikin waɗanda muka sallama babu ko ɗaya da ya sake yin atishawa."

Tafi ya kaure. Akaza ta durƙusa da kayanta a tsakiyar fili, ta yi magana ta tsakanin kaba.

"Ranka ya daɗe, kuka na kawo. Maigidana aka kai kogo, kuma lafiyarsa ƙalau, ƙurar dusa ce ta shige masa hanci. A taimake ni a sako shi."

"Gwamnati na sane da koke-koken jama'a," in ji Dila, "kuma za a duba a lokacin da ya dace."

Amma Zaki yana son a riƙa cewa yana sauraron talaka, musamman in akwai baƙi. Ya dubi Kura.

Kura ta ɗan yi tunani tana sakace. "Wani mai tabon igiya a kafaɗar hagu? Ai an sallame shi."

Akaza ta ɗago kai da sauri. "Yaushe, ranki ya daɗe? Hanya ɗaya ce, ban gamu da shi ba. Ina ya nufa?"

"Mu sallama muke yi, ba ma rakiya." Kura ta duba abin da ta zaƙulo daga haƙorinta ta yar. "Amma gaskiya, baiwar Allah, ba kya kula da mijinki. Ban da ƙashi babu komai a jikinsa."

'Yan'uwan Kura da ke zaune bakin ƙofa suka ƙyalƙyale da dariyar nan tasu. Akaza ta fahimta. Ba ta yi kuka ba, ko da yake an san jaki da kuka. Wani abu mai sanyi ya sauka a ƙirjinta ya zauna, tsoron da ta rayu da shi tun tana ƙarama ya tashi ya ba shi wuri. Ta ci gaba da durƙuso, don ba a ce ta tashi ba.

"A ci gaba da abin da ya tara mu," in ji Dila. "Mai girma Zaki zai buɗe buhun farko da hannunsa mai albarka."

Aka sauke buhu ɗaya daga bayanta aka ajiye gaban karaga. Gafiya ya so a bar shi a ɗaure, a yi masa addu'a daga nesa, amma makaɗa sun riga sun ɗauka. Zaki ya sunkuya ya sa farce ya farke shi. Ƙura ta tashi fari fat ta rufe masa fuska.

Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya cije, ya murza hanci, idanunsa suka kawo ruwa. Sannan ta ƙwace masa, atishawa irin ta manya, har gemun Gafiya ya kaɗa.

Dogarai suka yi maza suka kare shi da jikinsu. Dila ya daka tsalle tsakiyar fili.

"Gyaran murya ne! Zaki ya yi gyaran murya, zai yi wa talakawansa jawabi."

"Gyaran murya ne," in ji fada baki ɗaya. "Lafiya, Zaki."

Da maganar ta wuce a haka, don a fada abin da aka ce an ji shi ne aka ji. Sai dai Zaki ma uwa ce ta haife shi, ita ma ta yi masa tarbiyya. A bayan dogarai, cikin geza, ya motsa leɓe ya ce "Alhamdulillahi", a hankali yadda ko na kusa da shi bai ji ba. Amma kunnen jaki ba don ado aka yi shi ba.

A karon farko bakin Akaza ne ya riga ta. Wannan karon ta tsaya ta yi shawara da shi, suka daidaita. Ta ɗaga kai, ta yi magana dalla-dalla yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

"Yarhamukallahu, ranka ya daɗe."

Makaɗa suka saki gula. Fada ta yi tsit, sai ƙurar dusa da ke sauka a hankali.

Kura ce ta fara motsi. Ta kwance takunkumin da ke haɓarta, ta ninke shi da kyau ta ajiye gefe. 'Yan'uwanta suka miƙe suka tsaya a ƙofa. Ta dubi Zaki daga geza har wutsiya, irin kallon da mahauci ke yi wa sa a kasuwa.

"Allah ya ba ka nasara," in ji ta cikin ladabi, "kowa ya ji shaida. Doka kuwa taka ce, mu masu biyayya ne. Kogo a share yake."

Zaki ya nemi Dila da ido. Waziri ya riga ya ja da baya, ya tuna ashe akwai dokar ba da tazara, har yana jan takunkuminsa sama ya rufe hanci. Gafiya ya ɓace ta ƙarƙashin karaga. Dogarai suka dubi juna, suka dare ɗaya bayan ɗaya, suka bar shi a fili.

Akaza ta miƙe, ta girgije buhun da ya rage a bayanta, ta tsaya tana kallo.

Zaki ya tattara ƙarfinsa, ya buɗe baki zai yi rurin da ya riƙe dajin da shi tun yana saurayi. Abin da ya fito atishawa ce ta biyu.

Wannan karon babu wanda ya ce gyaran murya ne.