Ranar da Na Rufto da Sama a Kan Malam Isa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rufto da sama a kan malamina ba.

Sana'ata sayar da batir da farantin sola a Kibiya, kuma ba na iya ganin abu yana cin wuta a banza ban kashe shi ba (iyalina shaida ne). Da wata sakandare a Rano ta samu sabon injin nuna taurari, ni aka kira in haɗa musu wuta. Ana saka injin ne cikin wani ƙaton baƙin tanti mai kama da rumbu, ɗalibai su shiga su kalli sararin samaniya da rana tsaka.

Babban baƙo a ranar buɗe shi shi ne Malam Isa, Allah Ya jiƙansa, wanda ya koyar da mu a firamare. A lokacin, shi nasa injin gwangwanin madara ne. Ya huhhuda shi da ƙusa, ya sa tocila ciki, mu rufe tagogi, ya nuna mana taurarin Kaza da 'Ya'yanta a jikin rufin aji. A ajinsa ni ne daƙiƙi, don haka ranar ba abin da nake so kamar ya ga na zama mutum.

"Kai ka haɗa duk wannan?" ya tambaye ni.

"Ni ne, Malam."

Suka shiga, na tsaya waje gadin kayana. Sai na hangi wata fanka a bayan tantin tana ta gurnani. Fanka a cikin sanyin nan? Na zare wayarta.

Ashe iskarta ce ke riƙe da tantin.

Daga ciki na ji malamar kimiyya tana cewa, "Ga Gamzaki can," wata ɗaliba ta ce, "Malama, saukowa yake yi." Sai salati ya ɓarke. Aka rinƙa fitowa da rarrafe, shugaban makaranta ba hula.

Malam Isa ne ƙarshen fitowa. Ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya dubi wayar da ke hannuna. Na durƙusa.

"Tashi ka mayar da ita," ya ce. "Ban gama kallo ba."

Na mayar, ya ja hannuna muka shiga tare.

Tun daga ranar, kafin in kashe abu sai na tambayi me yake ɗauke da shi.