Yaron Unguwa Ne

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka sumbaci kaina a gaban mai binciken gwamnati ba. Na sha jin kunya a rayuwa, na taɓa jan sallah sura ta kuɓuce mini a tsakiya, amma ko ita ba ta kama ƙafar wannan ba.

Bari in ɗauko zancen daga tushe, don ni ba mai gaggawa ba ne. A Makka aka haife ni. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, daga ƙasar Kano ya taso, ya biyo ta Chadi da Sudan yana tafe yana 'yar sana'a har Allah Ya sauke shi a unguwar Tandabawi ta Makka. A gabansa na yi karatun allo, shi ya koya mini ajami, shi kuma ya koya mini kunya irin ta mutanen da. A cikinta akwai kunyar ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa, ba ka nuna naka ne a cikin jama'a. Ni kaina ɗan fari ne. Har mahaifina ya koma ga Allah "kai wannan" yake ce mini, kuma ban taɓa shakkar ƙaunarsa ba. Da Allah Ya ba ni nawa sai na ɗora daga inda ya tsaya. (Ku yi haƙuri, a rubutun nan ma ba za ku ga sunansa ba.)

Muna da wata ƙaramar ƙungiyar agaji mai rajista, ina cikin kwamitinta. Aikinmu kai abincin rana ga tsofaffin da 'ya'yansu suka koma unguwanni masu nisa, ba su da mai dafa musu. Mun daɗe muna yi da abin da ke aljihunmu kafin Allah Ya sa mu samu tallafin gwamnati. Shi kuwa kuɗin nan ba a dunƙule yake zuwa ba, kashi-kashi ne. Sai an duba yadda kuka yi da na farko sannan a saki na gaba. In aka ga abin da bai gamsar ba a dakatar, tukunya ta huce.

Kafin a sakar mana ko riyal ɗaya sai da aka tara mu aka koya mana ƙa'idoji. Wanda ya yi odar kaya ba shi zai karɓa ba, wanda ya karɓa ba shi zai biya ba. Kuɗin abinci ba a gyara famfo da shi ko da ruwa na malala a ofis. Ba a ba da kwangila sai an nemi farashi daga wurare daban-daban. Sannan duk ɗan kwamitin da yake da dangantaka da mai neman kwangila sai ya faɗa da bakinsa, a rubuta, ya tashi ya fita har a gama yanke shawara. Duk na rubuta su da ajami, a natse, har da wasali. Da aka zo kan ta ƙarshen nan na gyaɗa kai ina tausaya wa mutanen zamani masu tura 'ya'yansu gaba. Na ce a raina wannan ba don irina aka yi ta ba. Mutumin da bai taɓa furta sunan ɗansa ba, ta ina zai nema masa kwangila?

To shi wanda ba na kiran sunan nasa, sana'arsa ke nan dafa abinci. Yana da matbakh, wato wurin dafa abinci na haya, a unguwar Shisha, yana yi wa masu biki shinkafa da nama a manyan tukwane, lokacin Hajji kuma yana ciyar da ma'aikata a Arfa. Da ya ji muna neman mai dafawa sai ya aiko da farashinsa kamar kowa. Bai shawarce ni ba, don irin wannan hirar ba ta taɓa shiga tsakaninmu.

Ranar zaɓe akantarmu, Ustaza Huda, ta karanto farashin kowa. 'Yar Hausawa ce amma haihuwar Jidda, sabuwar zuwa, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Nasa ya fi sauƙi, kuma da aka ɗanɗana abincin da kowa ya aiko nasa aka cinye. Ba ta da hanyar ganewa daga suna, don sunana irin wanda in aka kira a masallaci sahu guda ke waiwayowa ne. Ta ɗago kai ta ce, "Akwai mai dangantaka da ɗaya daga cikinsu?"

Na sunkuyar da kai ina jan carbi. Duk dattawan da ke wurin sun sani, wasu ma sun ci naman sunansa. Amma wa zai dubi tsabar idon dattijo ya ce masa ga ɗan farinka? Shugabanmu Alhaji Sale, Bazazzagi abokin wasana, ya yi ɗan tari ya kama kallon silin. Aka ce a ɗaga hannu. Na ga in ban ɗaga ba za a tambaye ni dalili, sai na ɗaga nawa rabi-rabi a ƙarshe, har na ƙara da cewa, "Gishiri dai ya ɗan yi yawa." Na koma gida ina ganin na fita kunyar kowa.

Watanni suka shuɗe, abinci na zuwa a kan lokaci, tsofaffi na sa albarka. Sai ga mai bincike ya zo kafin a saki kashi na gaba. Saurayi ne Balarabe mai ladabi, kowane dattijo "ya ammi" yake ce masa, wato baffa. Ya leƙa sito, ya buɗe firji, ya duba rasit-rasit, bai ga aibu ba. Aka kawo shayi, aka zaunar da ni kusa da shi a matsayin babba. (A nan ne Shaiɗan ya zuga ni na yi masa ɗan wa'azi a kan amana, da aya da hadisi, ba tare da ya roƙa ba.) Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ya ammi, mai dafa muku abincin nan, ka san shi?"

Na ce, "Yaron unguwa ne."

"Babu wata dangantaka tsakaninku?"

Ni ba na ƙarya, Allah Ya sani. Na ce, "Ai 'ya'yan unguwa duk namu ne."

Ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Bai ajiye alƙalamin ba aka yi sallama aka turo ƙofa. Ɗan nawa ne. Kullum direba yake aikowa da abincin, amma ran nan da ya ji mai bincike zai zo sai ya taho da kansa, wai ya nuna takardar shaidar tsaftar matbakh ɗinsa. Shi kuwa tashin Makka ne, tarbiyyar makarantar Larabawa, inda ɗa yake girmama uba a bainar jama'a. Ya ratsa ɗakin kai tsaye, ya sunkuya, ya sumbaci kaina, ya kira ni baba da Larabci, ya ce, "Sabahul khair, Abuya. Ummi ta ce ka manta maganin hawan jininka." Ya ajiye kwalin maganin kusa da kofin shayina.

Mai bincike ya dubi kwalin, ya dube ni, ya dubi yaron, wanda hancinsa da nawa kamar an tsaga kara. Ustaza Huda ta dafe baki. Alhaji Sale ya matso ya raɗa mini da Hausa, "To Bakano, sai ka ce masa kan ma na unguwa ne."

Shi Alhajin ne dai ya yi ta maza ya shiga bayyana al'adar da Larabci, yana yi yana share gumi. Mai binciken ya saurara da kyau, har ya ce bai taɓa jin irinta ba. Sannan ya ce, "Ya ammi, ban ce kun ci ko riyal ba. Farashinsa ya fi na kowa sauƙi, na gani da idona. Amma wanda zai karanta rahotona a ofis bai sha shayi da kai ba. Abin da zai gani shi ne uba ya ɗaga hannu an ba ɗansa kwangilar kuɗin gwamnati, aka tambaye shi ya rufe." Ya ce dole a gyara bayanin, kuma daga bakina. In faɗi dangantakar, in faɗi cikakken sunan.

Na dubi ƙasa, ba ta tsage ba. Na yi bisimilla a zuci, na ce ɗana ne, na faɗi sunan. Yaron ya tsaya yana kallona, ya ce, "Wallahi Abuya, yau na fara jin sunana a bakinka. Ashe ka san shi."

Aka dakatar da kashi na gaba har sai an sake neman farashi daga farko, an sake zaɓe bisa ƙa'ida. A makonnin nan ne na san nauyin abin da na jawo. Muka koma karo-karo irin na da, shi ma yaron yana dafa na wasu ranaku sadaka (ita ma sadakar sai da Ustaza ta rubuta ta, da dangantakata a gefe). Shinkafa ba ta yanke ba, alhamdu lillahi, amma nama ya yi ƙaura. Na ga ya kamata in riƙa kai abincin da kaina. Wata tsohuwa da muke kira Iya ta buɗe kwanonta, ta juya cokali ta ce, "Malam, an ce ɗanka ka ƙi a gaban hukuma. To mu me muka yi maka da ka haɗa da namanmu?" Na ce ta yi mini addu'a.

Ranar sake zaɓe tun kafin Ustaza ta gama tambaya na miƙe, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun farko, na ɗauki takalmina na fita. Wani matbakh daban ne ya ci a wannan karon. Aka aika da bayani, aka saki kuɗin, nama ya dawo kwanon Iya.

Abin da na koya bai da yawa. Kunyar da ke tsakanina da ɗana tawa ce, in yi ta a gida yadda na gada. Amma kuɗin jama'a bai gaji kunyar ubana ba, kuma abin da kowa ya sani, in ba a faɗa an rubuta ba, a wajen mai bincike ɓoyo ne. Yanzu da na ji sunan da ya yi mini kama da na dangi nake neman takalmi. Matsalar ita ce mu Hausawan Makka duk a sarƙe muke, wannan suruki, wancan ɗan ƙanwar maƙwabciyar da ta shayar da kai. Kwanan baya da za a ɗauki direba na fito baranda, ban gama zama ba sai ga Alhaji Sale, sai ga wasu suna biye da shi kowa da takalmi a hannu. Can Ustaza Huda ta leƙo ta ce mutum ɗaya ne ya rage a ciki, shi ma ya rufe ido yana ƙoƙarin tuna ko matar direban ba jikar gwaggonsa ba ce.