Ranar da Dakta Ofdet Ya Taɓa Direba

Duk wanda bai san Dakta Ofdet ba, to wayarsa ce ba ta da data. Mutum ne da aka yi wa baiwar kwamfuta tun daga leɓen sama har zuwa leɓen ƙasa. Digirinsa uku, suna nan jere a saman shafinsa, shi ya ba kansa, shi ya taya kansa murna. Yana da gilashi marar magani, da farar riga irin ta likitoci, da fitila mai zobe da ke sa goshinsa ƙyalli kamar sabon faranti. Mabiyansa dubu huɗu ne. Shi dai ya ce dubu arba'in ne, manhajar ce ke ɓoye masa sifili ɗaya saboda hassada.

Maganinsa ɗaya ne tak a duniya: sabuntawa. Wayarka na zafi? Yi ofdet. Firinta ta cinye takarda? Ofdet. An taɓa miƙa masa rimot ɗin talabijin da batirinsa ya mutu, ya juya shi sau uku yana neman inda ake yi masa ofdet. Daga ranar sunan ya bi shi. Shi kuwa ya ɗauka karramawa ce, har ya buga a kati.

Abin da mabiya ba su sani ba, kwamfutar nan da ke bayansa a kowane bidiyo, mai fankoki uku masu canza launi, ba tasa ba ce. Ta ƙanwarsa ce, Auta, wadda ke aiki a kantin magani. Ita ta harhaɗa abarta guntu-guntu daga kayan hannu, shekara biyu tana tsinta. Ita ce kuma ke rubuta masa abin da yake karantawa a bidiyo, don kawai ya bar ta ta sarara. Nasa aikin murya ce da ɗaga gira.

Auta gwanar tseren mota ce a gem. Wata huɗu tana fafatawa a wata gasar intanet, ta tsallake zagaye shida, saura na ranar Asabar ɗin nan. Ƙarfe huɗu daidai ake rufe shiga. Wanda bai bayyana ba an cire shi, sai baɗi. Katin girafik ɗinta tsoho ne, amma yana aiki lafiya lau muddin an bar shi da tsohon direbansa, wato 'yar manhajar da ke yi wa kati da gem tafinta. Sabon direba kuwa ba ya jituwa da katin ko kaɗan. Ta gwada bara, ta sha wuya, ta koma tsohon. Shi ya sa kafin ta fita aikin safe ta manna takarda a jikin allon da manyan baƙaƙe: YAYA, DON ALLAH KAR KA TAƁA DIREBA.

Ƙarfe sha ɗaya Dakta ya tashi daga barcin masana, ya ci karo da takardar. Ya karanta ta sau biyu, ransa ya ɓaci sau uku. Ya ɗauke ta da yatsu biyu ya nufi falo, inda mahaifiyarsu ke ɗinke maɓallin riga.

"Umma, kin ga raini? Ni za a manna wa takarda? Ni da ake turo wa tambaya daga ƙasashen da ko sunansu ba ki iya faɗa ba?"

"To ka bar mata kayanta mana," in ji Umma, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Taimakonta zan yi. Yarinya za ta shiga gasar duniya da direban shekara uku! In aka ji ƙanwata ce, ina zan sa fuskata?"

Ya zura farar riga, ya kunna fitila, ya kafa waya, ya shiga laif. Taken darasin: Yadda Ake Ninka Gudun Gem Cikin Minti Biyar. Mutum talatin suka shigo. Ya ɗaga musu takardar Auta.

"Jama'a, ku kalli abin da jahilci ke haifarwa. Tsoron sabon abu. Wannan ciwon shi ya hana mu ci gaba. Yau zan yi masa tiyata a gabanku."

Ya sauke sabon direba. Wani ɗan akwati ya tambaye shi ko a share tsohon gaba ɗaya. Dakta ya danna eh da ƙarfi, har maus ya yi ƙara.

"Mu ƙwararru ba ma barin datti a baya."

Kwamfuta ta mutu, ta tashi. Ya danna gem, ya jingina, ya harɗe hannu. Tambarin gem ya fito. Allo ya yi baƙi. Sai ga shi an dawo da shi inda ya fito, da ɗan akwati a tsakiya mai layi biyu, yana cewa direban nan bai dace da katin nan ba. Amma Dakta ba ya karanta akwati. Karatun akwati na masu koyo ne. Ya rufe shi da sauri kamar mai korar ƙuda.

"Wannan gaisuwa ce kawai. Na'urar tana sabawa da sabon jini."

Ya sake dannawa. Baƙi, akwati. Ya sake. Baƙi, akwati.

Daga nan ilimi ya ɓarke. Ya yi ristat sau bakwai. Ya ce maus ne, ya canza maus. Ya ce bayros ne, ya saki manhajar farauta, ta yi minti arba'in ta dawo hannu rabbana. Ya buɗe murfin kwamfutar ya hura mata iska da baki, ƙura ta dawo masa a gilashi. Ya ce wutar gidan ce ba ta da nauyi, ya aika Umma ta kashe firji, ta ce ba za ta kashe ba. Ya sabunta duk abin da ke sabuntuwa a cikin na'urar, har kalkuleta. Sannan, da yake mutum ne mai zurfin tunani, ya sake sauke sabon direban nan dai, ya ɗora shi a kan kansa.

Baƙi, akwati.

Masu kallo kuwa sai ƙaruwa suke. Ɗari biyu. Ɗari biyar. Dakta ya saci kallon lambar, zuciyarsa ta yi sanyi. Ashe duniya ta fara gane shi. Sharhi na ta gudu a ƙasa kamar tururuwa: "Dakta karanta akwatin mana." Ya toshe mai maganar. "Dakta koma tsohon direba." Ya toshe shi. Sai wata ta liƙo wani bidiyo, mutum hamsin suka sake liƙo shi. Bidiyon Dakta ne da kansa, na watan jiya: Abu Biyar da Ba a Yi Ranar Gasa. Na farko a jerin, da muryarsa, da girarsa a sama: kar ka kuskura ka sabunta direba.

Auta ce ta rubuta, shi ya karanta, kuma bai ji ko kalma ɗaya ba.

"Wannan bidiyon haɗi ne," in ji Dakta, yana share gumi da hannun riga. "Maƙiya ne suka ƙera shi da na'ura. Ku duba kunnen, ba nawa ba ne."

Ƙarfe uku da minti ashirin da biyar ya yanke hukunci irin na manya.

"Jama'a, cutar ta yi nisa. Ba abin da ya rage sai fomat. Za mu share komai, mu fara daga farko."

Yatsansa na sama, sai ƙofa ta bugi bango. Auta ce, da rigar aiki, tana haki. Abokiyar aikinta ce ta nuna mata laif ɗin a waya tana dariya, ba ta san kwamfutar wa ake yanka ba.

"Yaya, ɗaga hannunka."

"Auta, ina tsakiyar..."

"Ɗaga. Tashi."

Ya tashi. Amma babban mutum ba ya tashi haka kawai. Ya juya ga kyamara ya gyara wuyan riga.

"Ga ɗalibata ta iso. Zan bar ta ta gwada hannunta a ƙarƙashin kulawata."

Auta ta shiga inda ake mayar da direba baya. Maɓallin ya dushe, ba ya dannuwa, don tsohon da za a koma wa an share shi tas. Ta juyo ta kalli yayanta. Kallon bai fi daƙiƙa biyu ba, amma sai da Dakta ya tuna yana da abin dubawa a silin.

Ta ciro makullanta. A jikinsu akwai 'yar filash da ta goge don tsufa, a ciki tsohon direban yake tun wuyar da ta sha bara. Ta zare wayar intanet, kar na'urar ta je ta kwaso sabon da kanta. Ta tashe ta a yanayin gyara, inda kwamfuta ke tashi ba ado ba kwalliya. Ta kankare aikin Dakta, duka hawa biyun. Ta ɗora tsohon. Ɗan layin nan mai nuna ci gaba ya fara rarrafe.

Uku da arba'in da takwas. Layin ya tsaya a rabi yana tunani.

"Kun ga yadda ta riƙe maus ɗin?" in ji Dakta. "Ni na koya mata. Da a ce ta bar ni na yi fomat..."

"Yaya, in ka sake magana zan karanta musu sakamakon jarrabawarka."

Dakta ya koma gefe yana goge gilashi.

Uku da hamsin da shida kwamfuta ta tashi. Ta mayar da intanet, ta danna gem. Tambari. Baƙi. Baƙin ya daɗe har Umma, da ta zo bakin ƙofa da allura a hannu, ta fara salati. Sai injin mota ya yi gurnani a sifika.

Saura minti biyu ta shiga. Ba gwaji, ba ɗumama hannu, ko takalmi ba ta cire ba. A zagayen fili na farko motarta ce ta ƙarshe. A na huɗu ta fara cin mutane a kwana ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙare ta uku, kuma uku ake ɗauka. Ta kifa kai a kan tebur tana dariya.

Mutum dubu da ɗari ɗaya ke kallo. Dakta bai taɓa ganin lamba irin wannan ba. Ya yi wuf ya juyo da kyamara kan fuskarsa.

"To jama'a, kamar yadda kuka gani, tsarin da na shimfiɗa..."

Kafin ya kai ƙarshen jimlar sun koma huɗu. Ɗaya daga ciki tsohuwar wayarsa ce da ke caji a kan gado.

Washegari da hantsi, Auta ta fita, Dakta ya leƙa ɗakin. Ba takarda a jikin allo. Ya gyaɗa kai, yarinya ta koyi ladabi. Ya zauna, ya kunna. A kusurwa ga albishir: sabon direba ya fito. Yatsansa ya yi ƙaiƙayi. Ya danna.

Akwati ya fito, mai hoton ɗan beyar yana murmushi da balan-balan. Wannan karon Dakta ya karanta, karo na farko a tarihin aikinsa. An rubuta: Wannan asusun yara ne. Nemi izinin babba.

"Umma! Me yarinyar nan ta yi wa na'urar nan?"

Daga falo Umma ta amsa, a natse, tana duba saƙon da ya shigo wayarta.

"Ta ce ni ce babbar. Ga shi ma an turo min tambaya, wai in bar ka?"

"To danna eh mana!"

"Na riga na danna a'a. Zo ka zura min zare a allura, tunda kai ne mai gilashi."