Wa Ke Riƙe Ƙaho?

"Lafiya lau, sai tsufan da kika jawo mini," in ji Inusah wanzami, ko ɗago kai bai yi ba.

Jikarsa Mudassira ce ta dawo Salaga daga Bawku, inda take koyon aikin jinya. Ta tarar da shi a zaure ya yi tagumi. Tun da tari ya cinye masa numfashi, in ya zuƙi ƙaho ba ya kamawa, sai ya suɓuce daga bayan mutum. Kunya ta sa ya daina fita aiki. Abin yana cinsa ƙwarai, amma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

"Ni na jawo? Da tsufanka na aure ka, don tausayi."

"Me kika kawo wa mijinki? Ko albasar Bawku babu?"

Ta zazzage jaka, sai ga ƙananan kofunan roba da ɗan famfon hannu.

"Ƙaho ne, irin wanda ba ruwansa da bakin da ba haƙori."

"Rufe mini baki. Ƙarfin zuƙata ke riƙe ƙaho. Na taɓa zuƙa a nan, wani a Yendi ya ji jininsa ya motsa."

"To bayan ka toshe da danƙo ka cire baki, ka shiga gulma, wa ke riƙe shi?"

Inusah ya sosa ƙeya. Bai taɓa tambayar kansa wannan ba.

"Iska ce, angona. Tana da nauyi, jibge take a kanmu tun daga sama, tana danna kome ta kowane gefe. Kai dai ta cikin ƙahon kake ragewa, sai ta waje ta fi ƙarfi, ta manna shi da fata."

"Wato kaya ne a kaina tun haihuwa, ba gammo?"

"Shi ya cinye maka gashi."

Kafin ya ankara ta ture hularsa, ta kifa kofi a tsakiyar sanƙon, ta ja famfo. Ya kama ya ja, ya girgiza kai. Kofi ko gezau.

"Cire mini, kada baƙo ya shigo."

"Sai in ka ce iska ta fi ka."

"Na sake ki."

"Sakin mai kofi a ka ba ya sakuwa."

Ta ɗaga 'yar ƙusar da ke saman kofin, iska ta shiga fis, ya faɗo a cinyarsa. Inusah ya ɗora shi a damtsensa, ya ja famfon da kansa. Fata ta taso yadda ya saba gani. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, ya fake da dariya.

"To, na mayar da ke. Ashe tun farko da iska muke aikin, ita kuwa ba ta tsufa." Ya lalubo goro a aljihu. "Ungo. Ki biya ki gaya wa Damata mai ciwon baya, gobe ina tafe."