Ranar da Na Gaida Gwaggon Biri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa wa gwaggon biri ba. Ko na so mantawa ma, Maryam ba za ta bar ni ba.

Maryam matata ce. Shekara shida muna zaune a unguwar Dokki a Alƙahira, ina aikin ofis, ita kuma burinta ɗaya ne, ta ga gwaggon biri a dajinsa, ba a keji ba. Da Allah ya nufa muka samu hutu za mu Ruwanda, tun a filin jirgin Alƙahira na fara cika baki. "Kwantar da hankalinki, jikan mafarauci kike aure." (Kakan nawa dai gafiya yake ɗana wa tarko, amma ban ga amfanin faɗin wannan ba.)

A gindin dutsen da birran suke jagoranmu ya yi mana bayani. Awa ɗaya tak za mu yi da birran. In babban namijin ya nufo ka, kada ka gudu, kada ka haɗa ido da shi, ka tsuguna, ka sunkuyar da kai, ka yi shiru. In wani ya yi hayaniya za su iya shigewa kurmi, shi ke nan an gama.

Maryam ta kalle ni. "Baban Hanif, don Allah kada ka ɓata mini awar nan."

Na ce, "Khalas, kin gama magana."

Awa uku muna hawa cikin taɓo, ni da ko hawa na biyu a gidanmu sai na jira lif. Ina haki, tana gaba tana ce mini, "Yalla, taho mana!" Can sai ga su. Uwa na shayar da ɗanta, ƙanana na kokawa cikin gora. Na ga Maryam tana share hawaye, ni ma raina ya yi fari.

Sai ganye ya motsa a gefena. Babban ne, bayansa duk furfura, ƙirjinsa ya kai faɗin ƙofar ɗakinmu, kuma ni ya nufo. Jikan mafarauci ya zube ƙasa. Zuwa nan ban yi laifi ba. Amma tunda nake ban taɓa durƙusa wa mai furfura na yi shiru ba. Sai kawai na ji bakina ya buɗe da kansa, da ƙarfi kuma:

"Ranka ya daɗe, barka da hutawa. Mun same ku lafiya?"

Na ce a raina shi ke nan, na kashe mata awarta, wataƙila ni ma tawa ta ƙare. Shi kuwa ya dube ni, ya yi wani gurnani can ƙasa, ya karya reshe ya zauna yana ci. Babu birin da ya tashi. Jagora ya raɗa mana cewa gurnanin alamar kwanciyar hankali ne. Maryam, tana danne dariya a bayan takunkumin da aka sa mu ɗaura, ta ce, "Ya amsa. Saura ka tambayi iyali."

Mun cika awarmu cif. Har yau ina gode wa Allah, ina kuma gode wa wannan dattijo da ya rufa mini asiri. Abin da ban sani ba, ashe wayarta tana ɗaukar bidiyo, har ta tura wa mutanenmu. Satin da muka dawo, na shiga falon da ake wani taron suna a unguwar Zamalek, sai maza suka zube gaba ɗaya: "Ranka ya daɗe, mun same ku lafiya?"

Na amsa musu, lafiya lau, tunda ta samu awarta. Amma na koyi darasi: in tsoro ya kama ka, ka rufe baki. In ba za ka iya ba, to ka fara karɓe wayar matarka.